Waken Iri da Tozon Tsakuwa

Haba malam, da furfurarka! Don na ce kowa ya ɗebo samfurinsa ya fitar da matsakaici, naka ya saɓa da na 'yan aji, shi ne za ka naɗe littafi ka ce kanka ba ya ɗaukar ƙididdiga? Zauna ka ji, kada ka ɓata min rai. Wani manomi ne, hadari ya fara haɗuwa, ya kwance buhun waken da ya ajiye na iri, ya zazzage a tabarma a ƙofar gida. Ya cuɗa shi sosai, ya rufe ido ya ɗebo ƙwaya ashirin. Takwas ƙwaro ya huda. Ya ce wai kusan rabin buhu ya mutu ke nan, bana sai dai ya yi kallon gonakin mutane. Har ya ɗauko kwano zai juye wa awaki, maƙwabcinsa ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai, ashirin ɗin nan su ne buhun?" Ya yafito masu zaman gindin darbejiya, ya ja layuka a ƙasa da tsinke. Ya ce kowa ya rufe ido ya ɗebi ashirin, ya ƙirga masu huji, ya ajiye tsakuwa a layin adadin da ya samu, sannan ya mayar da waken a sake cuɗawa.

Nan fa musu ya kaure. Wannan ya samu biyu, yana rantsuwa iri lafiyarsa lau. Wancan ya samu shida, ya ce mai biyun makaho ne. Alhali babu maƙaryaci a cikinsu, tabarma ɗaya suke ɗiba. Aka yi ta zagayawa, mai wucewa ma sai an sa ya tsoma hannu. Kafin la'asar tsakuwa ta yi tsibi a layin huɗu, uku da biyar suna dafa mata, gefe da gefe tana sirancewa, sak tozon bijimi. Tsakuwar takwas ɗin manomi kuwa tana can wajen wutsiya ita kaɗai. Ba kuskure ya yi ba, ɗiban ne ya zo masa a haka, kuma dole wata rana ya zo wa wani. Ashe wajen huɗu ne kawai cikin ashirin suka lalace, ba rabi ba. Manomin ya zauna daɓas a ƙasa ya sauke ajiyar zuciya ya yi hamdala. Ya ɗaure buhunsa awaki na kuka, da ruwa ya sauka ya ƙara ƙwaya guda a kowane rami, gona ta rufe.

To amsarka tsakuwa ɗaya ce, ba ta lalace ba. Gobe ka kawo ta mu jera a allo da ta kowa, ka ga inda za su taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.