Baƙon da Zakari Ya Kawo Gida

Zakari ya jefar da tayar da yake wa faci, ya goge hannu a wando, ya sake duban hoton da ke manne a bangon kasuwa. Ko a mafarki ba zai kasa gane fuskar nan ba. Araseki ne, ɗan Japan, wanda mutanen Gusau suka lanƙwasa sunansa ya koma Arziki.

Mutumin ya buga ƙwallo a ƙasarsu har gwiwa ta ce ta gaji. Da ya yi ritaya sai ya shiga yawon neman yara masu ƙafa, har yawon ya kawo shi Gusau shekaru ashirin da suka wuce. A lokacin Zakari saurayi ne daga wata ruga a bayan Bungudu, kuma in ya ɗauki ƙwallo, sai dai masu tsaron baya su bi shi da addu'a. Araseki ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce da shi zai tafi, izinin gida kawai ya rage. Zakari ya tafi wasa Tsafe yana ganin kansa a jirgi. Kafin ya dawo, baƙo ya tashi da Nura, abokin Zakari, ko sallama babu.

Abin ya ci masa rai, wallahi, har yau bai daina ci ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Innarsa kuwa shi ne ɗanta na fari, saboda haka ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna ta rarrashe shi. Zulai ce ta tsaya masa, yarinyar unguwarsu mai tabon ƙuna a bayan hannu, wadda duk Bungudu aka sani da Turanci. Ita ta riƙa zagin ɗan Japan har fiye da shi. Ya aure ta, ta zama malamar makaranta, shi kuma ya zama mai faci.

Yanzu ga Nura ya yi ritaya, ya dawo buɗe filin wasa a Gusau, ya kuma taho da tsohon maigidansa, wanda aka ce shagon taliya yake riƙe da shi a can. Zakari ya rantse sai mutumin ya zo gidansa ya ga abin da ya mai da shi, ya kuma faɗa masa dalili baki da baki.

"Mi za ka yi da wanga mutum?" in ji Zulai. "Bar shi da Allah."

Da ta ga bai ji ba, ta ce ranar da baƙon zai zo za ta Tsafe duba gwaggonta. Ya ce gwaggo ta jira. Ta ce kanta na ciwo. Ya sayo mata magani, ya sayo kaza.

Araseki ya iso zauren tare da Nura, yana dogara sanda, gashi ya yi fari fat. Ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a tabarma da ƙyar. Zakari bai bari an gama gaisuwa ba.

"Nura, tambaye shi. Mi na yi mishi?"

Nura ya juya maganar cikin yaren Japan. Tsohon ya yi magana mai tsawo, idonsa a ƙasa. Ya ce shi ma ya daɗe da abin a ransa. Ya je rugar da kansa. Da aka ce baƙo namiji ba ya shiga wajen mata haka nan, sai aka samo masa tafinta mace. Ya tambayi Inna ko Zakari ɗanta ne. Ta juya baya, ta rufe fuska da mayafi, ta yi wata magana ƙasa-ƙasa. Ya sake tambaya, ta tashi ta shige bukka. Tafinta ta ce masa tsohuwar ta ce ba ta yarda ba, kuma duk wanda ya ɗauki yaron, za ta tsine wa tafiyar. Shi kuma ba zai raba ɗa da albarkar uwa ba, sai ya haƙura.

Zakari ya san wannan ba gaskiya ba ne. Innarsa ba ta taɓa tsine wa ko kaza ba. Kunyar ɗan fari ce, wadda ko yaron goye a Bungudu ya sani. Da an ce mata a kai shi bangon duniya ma, haka za ta juya baya ta ce ɗan mutane ne, su yi yadda suka ga dama. Ta rasu ba ta ɗaga zancen ba, don zancensa ne. Ashe shekara ashirin yana tsine wa wanda bai ci amanarsa ba.

"Wa ya yi tafintan?" in ji Zakari.

Araseki ya ce suna ya ɓace masa, tsufa ya zo.

Sai aka yi sallama daga cikin gida, can ƙasa-ƙasa. Hannu ya ɗaga labule kaɗan, ya turo tiren abinci, ya yi saurin komawa. Amma tsohon ya riga ya ga tabon. Fuskarsa ta washe, ya dogara sanda ya miƙe, ya rusuna wa labulen har kansa ya kusa taɓa gwiwa, yana magana cikin murna.

Nura bai fassara ba. Ya tsura wa tabarma ido.

"Mi ya ce?" in ji Zakari.

Nura ya ɗago kai. "Ya ce ka kyauta da ka nemo mishi tafintarshi."