Ina Ka Fuskanta?

Wallahi na je ɗakin binciken autata ne don in ce ban yarda ta auri abokin aikinta ba. Sai ya roƙe ni in leƙa madubin ƙara girma.

"Mama, irin waɗannan ƙwayoyin halitta suna da gaba da baya. Tun farko, sai da suka fuskanci waje ɗaya suka manne, sannan aka samu jikin dabba."

Na ce, "Allahu Akbar! Sahun salla ke nan!"

Auta ta sunkuyar da kai, tana satar kallonsa.

Na ce masa, "To kai, ina ka fuskanta?"

Sai ya juya gaba ɗaya wajenta, har ya ture kujera.

Na ce, "Turo manyanka, kafin ka farfasa kayan wurin nan!"