Shafin da Ya Ce Sannu da Zuwa

Kai da kake cewa gyara shafin "ba a samu ba" ɓata lokaci ne, wai tunda ba mai zuwa can da gangan, gyara zama ka ji.

An yi wani manomi mai san huɗa ɗaya tilo. Farkon damina, ana gab da fara huɗa, san ya tsinke igiya ya faɗa cikin sabon toho, ya ci iya cinsa. Kafin la'asar ciki ya kumbura kamar ganga, yana nishi da ƙyar. Hankalin manomi ya tashi matuƙa, domin in san nan ya mutu, noman bana ya mutu ke nan. Sai ya tuna surukinsa ya taɓa turo masa adireshin shafukan intanet biyu na masu kula da dabbobi, tun bara. Ya danna na farko, na wani babban kamfani da ya sha kallon hotunan shanunsa masu ƙiba. Me zai gani? Farin allo fayau, da lamba 404, da guntun Turanci mai nufin ba a samu shafin ba. Bawan Allah ya ɗauka shi ya lalata wani abu da kaurin yatsarsa. Ya goge wayar da bakin riga, ya sake dannawa. Ko gezau.

Sai ya danna na biyu, na wata ƙaramar ƙungiyar makiyaya. Ashe su ma sun kwashe shafin daga inda yake. Sai dai wanda ya gina musu ya yi tunanin mai ɓatan hanya, ya bar masa saƙo da Hausa, da manyan baƙaƙe: "Sannu da zuwa. Abin da kake nema mun sauya masa wuri, ba laifinka ba ne. In dabbarka ce ba lafiya, danna nan ka kira mu." Manomi ya sauke ajiyar zuciya, ya danna. Likitan dabbobi ya ɗauka, ya ce a ɗura wa san man gyaɗa, a yi ta zagayawa da shi, kada a bari ya kwanta, ga shi nan tafe a babur. Aka ɗura, aka yi ta jan sa a bayan gida. Can sai san ya saki wata gyatsa da ta watsa kajin maƙwabta, ciki ya fara sacewa. Manomi ya zauna dirshan a ƙasa yana ta hamdala, ga dariya ga hawaye, don wallahi ya riga ya fid da rai.

To, ka ji. Kamfani ya ƙawata zaurensa, amma da baƙo ya yi ɓatan kai sai ya bar shi tsaye yana kallon bango. 'Yar ƙungiyar kuwa ta tare shi da sannu, ta nuna masa hanya. Ai Bahaushe ya gama magana da ya ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.