Aron Muryoyin Yaya Tanimu

Tun da asibitoci suka fara ba da wasu na'urori na maƙalawa a kunne, da ake kira 'yan kunne, ɗan'uwa na jini kan iya karɓar wa mai taɓin hankali muryoyin da ke damunsa na ɗan lokaci. Barmani ta sha karɓar wa yayanta Tanimu, har likita ya gargaɗe ta cewa in ta ƙara, ba lallai su bar kanta ba.

Sai ga shi Inna ta rasu da hantsi. Mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma Tanimu ne kaɗai ɗanta namiji. Yana tsugune bayan randa, yana faɗa da mutanen da shi kaɗai ke jin su.

"Yaya, kawo kunnenka," in ji Barmani.

Ta maƙala masa ɗaya, ta sa ɗayan. Nan take kanta ya cika da zagi da kiran suna. Shi kuwa ya miƙe, ya dubi makara.

"Wa ya rasu, Barmani?"

Ta faɗa masa. Ya yi alwala ya bi maza. Ita ta wuni cikin masu ta'aziyya tana amsawa da ƙyar.

Da ya dawo, ƙasa a gwiwoyinsa, ya durƙusa gabanta yana kuka.

"Mayar mini da su, ƙanwata. Shirun nan ya fi ƙarfina."

Ta cire musu 'yan kunnen. Ya shige ɗaki yana surutai. Ta zauna tana jiran kanta ya yi shiru, har aka kira magariba tana jira.