Keken Asibitin Asabe

Wata biyu da rasuwar Luba saƙon ya iso wa uwarta Asabe. Luba ce ta jera mata manhajoji 'yan aike a waya: ɗaya ya tashe ta, ɗaya ya kira keken asibiti mai tuƙa kansa. Saƙon ya ce an sauya mai kiran keken da wani irinsa.

A ofishin kamfanin manhajar wani ma'aikaci ya ce mata, "Mama, aikinsu ɗaya. Sabon ma ya fi sauri."

"Saurin ne ya hana ni allura sau uku, ɗan nan. Kafin in kai ƙofa keken ya zo ya tafi. Tsohon yana nawa, Luba kuwa ta san ƙafata."

"To, mu matso da lokacin tashinki."

"Kul! Hannunta ne ya saita shi."

Yanzu tun kafin wayar ta yi ƙara Asabe take ɗingisawa bakin ƙofa, takalmi a hannu.