Dagacin da Ya Ce Sai Bayan Girbi

Shekara tara Abdulghaffar ya yi yana gasa gurasa a wani lungu na Ammariyya, a Jidda, ba a taɓa jin ya ambaci gida ba. Dattijo ne ɗan ƙabilar Fashtun, daga wata ƙasa mai nisa a gabas. Maƙwabcinsa, Haladu kafinta, ya lura cewa duk sa'ad da ya fara buga guduma sai hankalin tsohon ya bar kan aiki, gurasa ta ƙone a tanderu.

Wata rana da hantsi Haladu ya leƙa wurinsa, ya kira shi Ya Ammi, wato baffa da Larabci.

"Ya Ammi, in aikina ne ke damunka, sai in koma bayan shago."

"Ba laifinka ba ne, ɗana. Zauna ka ji."

Ashe dagaci ne a da, a wani ƙaramin garin manoman alkama. Ruwan garin ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa daga gindin dutse, ta wata doguwar hanya da kakanni suka haƙa, da rijiyoyi jere a kanta don a riƙa shiga yasa. Dagaci ne ke tara gayyar gyara, shi ne kuma ke kai kukan gari gaban hakimi.

Sau uku wani manomi, Saleh, yana zuwa zaurensa ya ce rufin hanyar ya tsage, ruwa ya ragu a gonakin ƙarshen gari. Gonar dagaci kuwa a bakin ruwa take, ba ta san ƙishi ba. Zuwan farko ya ce zai duba. Na biyu yana shirin tarbar hakimi, an yanka raguna, an ci an sha, bai ta da maganar ba don kada a ce garinsa na da matsala. Na uku ya ce, "Sai bayan girbi."

Alkamar Saleh ba za ta kai girbi ba. Ya ɗauki igiya da magirbi ya sauka cikin ɗaya daga rijiyoyin shi kaɗai. Ƙasa ta rufta.

"Kwana biyu muna jin yana buga dutse daga ƙasa," in ji Abdulghaffar. "Muna haƙa, yana bugawa. A rana ta uku da azahar ya daina. Matarsa ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi."

Ba su kai ga gawar ba, ruwan ma bai dawo ba. Abdulghaffar ya taho aikin Hajji ya kasa komawa.

Haladu ya ce, "Ka tuba, Ya Ammi. Shi ke nan, Allah Mai gafara ne."

"Na sani. Amma haƙƙin Saleh fa? Wa zan roƙa?"

Da Hajjin 1969 wani alhaji ɗan yankinsu mai suna Mahmud ya tsaya sayen gurasa, ya gane shi. Abdulghaffar ya tambaye shi labarin gari.

"Wane gari, dagaci? Kowa ya tashi, masallacin ma ba rufi. Matar Saleh ce kaɗai ta ƙi bin mutane. Kullum tana bakin rijiyar nan, wai ba a bar mutum shi ɗaya. Bara makiyaya suka tsince ta a wurin, suka yi mata sutura."

Abdulghaffar ya rufe tanderu ya shige ɗaki. Washegari bai hura wuta ba, haka jibi. Ya daina cin abinci sai an matsa masa, in an gaishe shi sai ya ce a yi shiru, yana sauraron wani abu. Kafin watan Safar ya ƙare Haladu da maƙwabta suka kai shi makwancinsa, ba ɗan uwa ko ɗaya a cikin masu sallarsa.

Jama'a, duk wanda aka ɗora wa amanar mutane, ko ta lungu ɗaya ce, ya saurari kukan talaka tun yana iya yin sa da baki. Sakacin shugaba rai yake ci, nadama kuwa ba ta tayar da wanda ƙasa ta rufe.