Muryar Inna a Kan Sif

Babu rana mai hatsari a rayuwar mutum kamar ranar da ya gano gaskiya. Balle in gaskiyar kyauta ake sauke ta daga intanet.

Wani ma'aikacin safiyo ne a Gusau, mutum mai natsuwa, har ranar da abokin aikinsa ya sa masa Linux a kwamfuta, wato manhajar nan da masu sa kai ke rubutawa, kowa na iya buɗe cikinta ya cire abin da ba ya so. To, a nan ake yin ta. Bawan Allah ya gano cewa kusan komai ana iya cire shi, sai ya ɗauki halal ya mai da ita farilla. Ya cire hoton fuskar allo, ya cire 'yan alamomin da ake dannawa, ya cusa linzamin kwamfutar a aljihun tebur. Abin da ya saura baƙin allo ne da ɗan farin layi yana ƙifta ido. Kwamfutar da a da sai ya kunna ta ya je ya yi alwala ya dawo, yanzu kafin ya gyara zama ta tashi. Baki har kunne! Baƙon da ya zo gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa an kashe ta an kunna sau biyu don ya gani da idonsa. Bai tsaya nan ba. Ya zaƙulo wata tsohuwar laftof mai fasasshen allo, ya ɗora ta kan sif, ya jona mata batirin sola, ya mai da ita saba, wato rumbun gida, inda hotuna da takardu ke zaune kowa na buɗewa daga wayarsa ba tare da roƙon wani kamfani ba. Kuma, a faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Ran da matarsa ta buɗe hoton aurensu daga kicin, sai da ya zagaya tsakar gida sau uku yana tafa hannu.

Ana cikin wannan shagali yayarsa ta kawo masa memorin tsohuwar wayarta. A ciki akwai muryar mahaifiyarsu marigayiya, minti shida, tana waƙar daka, tana tsayawa jefi-jefi ta yi wa akuya faɗa. Ita kaɗai ce muryar Inna da aka taɓa ɗauka. Ya kwashe ta ya zuba a saba, ya goge memorin tas, ya miƙa mata. "Ga shi nan fes, Yaya," in ji shi. "Inna ta samu masauki na gari." Da farko ma ya bi shawarar masana, ya haɗa faifan ajiya na biyu yana kwafe komai a ciki saboda tsaro. Sai dai abin ya tsaya masa a rai. Mutumin da ya kori agogo daga allo saboda akwai wani a bango, yaya zai zauna da komai bibbiyu? Ya rubuta umarni mai layi uku, mai farautar duk abin da ya maimaitu ya share ɗaya, ya sake shi a kan faifan biyu gaba ɗaya. Umarnin kuwa mai biyayya ne. Kafin shayinsa ya huce, faifai na biyu ya zama wayam. Ya yi hamdala, ya zare shi, ya shiga gwada wata sabuwar manhaja a kai wadda aka ce ta fi tasa rama.

Sai bazara ta kama. Saman sif kuma ƙarƙashin kwano yake. Faifan da ya rage ya soma wata ƙara, ƙas, ƙas, kamar ƙadangare a busasshen ganye, rannan ya yi shiru. Kwana uku yana buga umarni, layin nan yana ta ƙifta masa ido. Ya kai wa mai gyara a kasuwa, shi kuma ya kara faifan a kunne ya ce, "Yallaɓai, sai dai haƙuri."

Hotuna da takardu ba su dame shi ba. Minti shidan nan su suka hana shi cin abinci. Ya tafi gidan yayarsa, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gabanta kamar mai kawo labarin mutuwa. Ta bar shi ya gama bayanin faifai da zafi da umarni, tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wai ta dakan nan kake nufi?" ta ce. "Ai tun kafin in ba ka na tura wa Gwaggo. Ka kuwa san Gwaggo da turawa. Tashi, sarkin shara, ka ba ni wuri."

Ta ɗauki waya ta tura magana ɗaya a zauren hirar dangi na cikin wayar. Kafin la'asar muryar Inna ta shigo masa sau ashirin da uku, daga Talata Mafara, daga Maraɗi, daga wayoyin da suka cika maƙil har ba sa iya ɗaukar hoto, wasu ma an liƙa musu furanni da gaisuwar Juma'a. Ya saurari kowace ɗaya har ƙarshe, har faɗan akuyar. Washegari ya sayo faifai biyu, ya zuba duka ashirin da ukun a kowanne. Dama Hausawa sun ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.